Rikicin magoya baya a zaɓen fid da gwani: su wa ke zaɓe, su wa ke faɗa?

Tun daga ranar 2 ga Yulin 2025, da manyan 'yan adawa suka taru a Cibiyar Shehu Musa 'Yar'aduwa da ke Abuja suka bayyana jam'iyyar ADC a matsayin inuwar da za su fake a ƙarƙashinta, wata tsohuwar gardama ta dawo sabuwa a teburan masu shayi na Mararaba da Nyanya, da rumfunan kasuwar Wuse, da zaurukan WhatsApp. Atiku Abubakar da Peter Obi da Rotimi Amaechi da Nasir El-Rufa'i sun zauna a zaure ɗaya a ranar. Ba a daɗe ba mabiyansu suka fara yi wa juna wankin babban bargo a Facebook da X kan wanda ya kamata a ba tikiti. Wannan ya ce gwaninsa ne mai jama'a, wancan ya ce nasa ne mai tsari a jihohi, wani ya ce in ba wane ba, sai rijiya.

Abin da ke ɗaure wa mai kallo kai shi ne, mutanen nan duk cewa suke yi tafiyarsu ɗaya, amma maganganun da suke jifan juna da su sun fi waɗanda suke jifan jam'iyya mai mulki zafi. Haka aka gani a APC da PDP a 2022, haka aka gani a 2011 da 2018. Domin a fahimci dalili, sai an fara duba wanda yake da ƙuri'a a zaɓen fid da gwani da wanda ba shi da komai sai baki.

Kalmomin da ake ta ji

Zaɓen fid da gwani shi ne hanyar da jam'iyya ke bi ta fitar da mutum ɗaya daga cikin masu neman ta tsayar da su. Kundin tsarin mulkin Najeriya bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, don haka duk mai son kujerar shugaban ƙasa sai ya bi ta ƙofar wata jam'iyya. Wannan kaɗai ya isa ya sa ƙofar ta zama wurin turereniya.

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairun shekarar, ta ba jam'iyyu hanyoyi uku a wancan lokacin, a sashe na 84. Ta farko ita ce 'yar tinƙe, wadda wasu ke kira ƙato bayan ƙato: duk mai katin jam'iyya ya fito mazaɓarsa ya zaɓi wanda yake so. Ta biyu ita ce ta wakilai, wato daliget, inda ake zaɓo mutane kaɗan daga kowace ƙaramar hukuma su je babban taro su yi zaɓe a madadin sauran. Ta uku ita ce masalaha, inda masu neman takara ke amincewa su bar wa ɗaya. Dokar ta gindaya sharaɗi a kan wannan ta ukun: sai kowane ɗan takarar da aka tantance ya rubuta da hannunsa cewa ya janye, ya kuma amince da wanda aka tsayar. Idan mutum ɗaya ya ƙi, masalaha ta rushe, a koma ɗaya daga cikin hanyoyi biyun farko.

Akwai kuma kalmomi biyu da ba sa cikin doka amma su suka fi yawo a bakin jama'a. Ɗauki-ɗora ita ce masalahar da wanda aka kayar bai yarda da ita ba. Anti-fati kuwa shi ne mutum ya ci gaba da zama a jam'iyya da rana, da dare ya yi wa ɗan takararta zagon ƙasa. Sau da yawa ta farkon ce ke haifar da ta biyun.

Lissafin da ba a cika yi ba

Hukumar INEC ta ce mutum miliyan 93.4 ne suka yi rajistar zaɓen 2023. Amma mutum nawa ne suka yanke shawarar sunayen da za a buga a takardar ƙuri'a?

PDP ta ɗauki daliget ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma cikin 774, ta ƙara da wakilan masu buƙata ta musamman daga jihohi, jimilla ɗari takwas da 'yan kai. APC ta ɗauki uku-uku, wato 2,322. Ma'ana, manyan jam'iyyu biyu na ƙasar sun fitar da 'yan takararsu ta hannun mutanen da duka-duka suka ɗan haura dubu uku. Babban Birnin Tarayya, mai ƙananan hukumomi shida, AMAC da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji, daliget 18 ya samu a taron APC. Kano mai ƙananan hukumomi 44 ta kai 132, Filato 51, Legas duk da yawan jama'arta 60.

Adadin ya ƙanƙance haka ne saboda wani giɓi a dokar. A da, akwai waɗanda muƙaminsu ke ba su kujerar daliget kai tsaye: shugaban ƙasa, gwamnoni, 'yan majalisa na yanzu da na da, shugabannin jam'iyya. Sashe na 84(8) ya ambaci zaɓaɓɓun wakilai kawai, ya bar waɗancan a waje. Majalisa ta farga a watan Mayun 2022, ta yi gyara cikin gaggawa, amma Buhari bai sa hannu ba har aka gama zaɓukan. Su kansu 'yan majalisar da suka rubuta dokar ba su samu damar jefa ƙuri'a ba. Wanda ya ci ribar giɓin shi ne gwamna, domin a yawancin jihohi shi ke riƙe da shugabannin jam'iyya na mazaɓu da ƙananan hukumomi, kuma daga hannunsu jerin sunayen daliget ke fitowa.

A nan tushen matsalar yake. Matashin da ke Kubwa, wanda ya shafe wata shida yana ƙona data wajen kare gwaninsa, ba shi da kujera a filin taro. Ba zai iya canza ƙuri'a ɗaya ba. Abin da ya mallaka shi ne murya, kuma aikin muryar shi ne ta nuna wa gwamnoni da daliget cewa idan aka ƙi gwaninsa, jama'a za su juya wa jam'iyya baya. Saboda haka barazana ta zama harshen mai goyon baya. Wanda yake da ƙuri'a yana cikin ɗakin otal a Maitama ko masaukin gwamna a Asokoro yana tattaunawa cikin ruwan sanyi, wanda ba shi da ita yana waje yana ɗaga jijiyar wuya.

Abin da ya faru a Abuja cikin kwana goma sha biyu

Daren Asabar 28 ga Mayun 2022, PDP ta yi taronta a filin wasa na MKO Abiola. Kafin a kai ga daren, jam'iyyar ta riga ta yi asarar mutum biyu masu jama'a. Rabi'u Musa Kwankwaso ya fice a watan Maris ya koma NNPP. Peter Obi, wanda ya yi wa Atiku takarar mataimaki a 2019, ya fice saura 'yan kwanaki a yi taron, ya koma LP. Jam'iyyar ta kuma ajiye tsarin karɓa-karɓa ta buɗe takara ga kowane yanki, abin da 'yan kudu da dama suka ɗauka a matsayin saɓa alkawari bayan shekara takwas na mulkin ɗan arewa.

Ana gab da fara jefa ƙuri'a, gwamnan Sakkwato na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya koma kan mumbari ya ce ya janye, ya umarci mutanensa su zaɓi Atiku. Sakamako: Atiku 371, Nyesom Wike 237, Bukola Saraki 70. Domin a gane zafin da ɓangaren Wike ya ji, sai a koma taron PDP na Fatakwal a watan Oktoban 2018, inda Wike ya tsaya wa Tambuwal tsayin daka amma Atiku ya yi nasara da ƙuri'a 1,532, Tambuwal ya samu 693. Ga mutanen Wike, janyewar 2022 butulci ce. Ga mutanen Atiku, siyasa ce tsagwaronta, kuma babu dokar da ta hana ɗan takara janyewa. Da shugaban jam'iyya Iyorchia Ayu ya je ya rungumi Tambuwal yana kiransa gwarzon taron, sai ɓangaren da ya faɗi ya ce ashe alƙalin wasa ma yana da ƙungiya.

Duk da haka, ba a daren ne jam'iyyar ta tsage ba. Ta tsage ne a makonnin da suka biyo baya. Atiku ya ɗauki gwamnan Delta, Ifeanyi Okowa, a matsayin mataimaki, alhali ɓangaren Wike na cewa kwamitin da aka kafa don ba da shawara ya fi karkata ga nasu. Daga nan suka buƙaci Ayu, ɗan jihar Binuwai, ya sauka, domin a cewarsu bai dace ɗan takara da shugaban jam'iyya su fito daga arewa gaba ɗaya ba. Ayu ya ƙi, Atiku ya ce ba shi da hurumin tilasta masa. Gwamnoni biyar, Wike da Seyi Makinde da Samuel Ortom da Okezie Ikpeazu da Ifeanyi Ugwuanyi, suka ware, aka riƙa kiransu G5. A sakamakon da INEC ta bayyana, Atiku bai ci ko ɗaya daga cikin jihohinsu biyar ba.

APC ta yi nata daga 6 zuwa 8 ga Yuni a Dandalin Eagle, bayan ta sayar da fam a kan naira miliyan 100, PDP kuwa miliyan 40. A can ma an sha hayaniya. Da mataimakin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ya fito takara a watan Afrilu, mabiyan Bola Tinubu sun yi ta kiransa maci amana, suna tuna masa cewa Tinubu ne ya yi masa kwamishinan shari'a a Legas daga 1999 zuwa 2007. Mabiyan Osinbajo suka mayar da martani da maganar shekaru da lafiyar Tinubu, maganar da 'yan adawa suka ɗauka daga baya suka yi ta amfani da ita har ranar zaɓe. Ranar 6 ga Yuni shugaban jam'iyya Abdullahi Adamu ya gabatar da Ahmad Lawan a matsayin ɗan takarar masalaha. Gwamnonin arewa na jam'iyyar, waɗanda tuni suka fitar da matsaya cewa mulki ya koma kudu, suka ce ba da su ba. Aka tafi akwati. Tinubu ya samu 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235, Lawan 152, bayan mutane irin su Kayode Fayemi da Godswill Akpabio da Badaru Abubakar na Jigawa sun janye masa a filin.

Me ya sa APC ba ta dare kamar PDP ba? Dalili na farko, tazarar ta yi yawa, babu wanda zai ce da ba a yi kaza ba da shi zai ci. Na biyu, jam'iyya mai mulki tana da abin rarrashi a hannu. Na uku, yawancin gwamnoni suna bayan wanda ya ci. Amma ita ma ba ta tsira gaba ɗaya ba. Ɗaukar Kashim Shettima a matsayin mataimaki, wanda ya sa tikitin ya zama Musulmi da Musulmi, ya kori Babachir Lawal da Yakubu Dogara, ɗaya ya bi Obi, ɗaya ya bi Atiku. A Filato, duk da gwamna Simon Lalong ne babban daraktan yaƙin neman zaɓen Tinubu, Obi ne ya ci jihar.

Tsohon ciwo ne

Masu dogon tunani a Jos za su tuna taron SDP na watan Maris 1993, inda MKO Abiola da Babagana Kingibe da Atiku suka kara. Atiku, wanda ke tafe da ƙarfin gidan Shehu 'Yar'aduwa, ya janye wa Abiola bayan zagayen farko, mutanensa na sa ran kujerar mataimaki. Gwamnonin jam'iyyar suka matsa, aka ba Kingibe. A Jos ɗin ne kuma, a taron PDP na Fabrairun 1999, Olusegun Obasanjo ya kayar da Alex Ekwueme da ƙuri'a 1,658 da 521. Ekwueme na cikin waɗanda suka kafa PDP, Obasanjo kuwa bai daɗe da fitowa daga kurkuku ba. Duk da haka Ekwueme ya karɓi sakamakon, ya yi wa jam'iyya aiki, kuma kudu maso gabas ta zaɓi PDP.

Misali mafi kusa da hankalin ɗan arewa shi ne na APC a Legas, a Disamban 2014: Buhari 3,430, Kwankwaso 974, Atiku 954, Rochas Okorocha 624. Babu wanda ya fice bayan taron. Dukkansu sun san cewa idan suka rabu Goodluck Jonathan zai zarce, kuma Atiku da Kwankwaso sun riga sun ƙona gadar komawa PDP tun daga ficewar da suka yi daga taronta na Dandalin Eagle ranar 31 ga Agustan 2013. Idan babu wurin zuwa, haƙuri kan zo da sauƙi. A 2022 kuwa akwai wurin zuwa, LP da NNPP suna nan da ƙofa a buɗe.

Tun kafin wannan duka, Kano da Kaduna sun ɗanɗani rikicin ɓangarorin santsi da taɓo a PRP ta jamhuriya ta biyu, lokacin da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka raba gari da Malam Aminu Kano. Ba rikicin fid da gwani ba ne, amma dattawan da suka gani sukan ba da labarin abokan da suka daina gaisawa da gidajen da suka rabu gida biyu. Yanayin gabar bai canza ba, sai dai a da a dandali ake yi da waƙa da habaici, yau a waya.

Ko a Amurka, inda talakawan jam'iyya ke jefa ƙuri'a jiha bayan jiha tsawon watanni, an ga haka a 2008 tsakanin mabiyan Barack Obama da na Hillary Clinton, har wasu nata suka rantse za su zaɓi John McCain. Ita ta fito ranar 7 ga Yuni ta mara wa Obama baya, shi kuma da ya ci ya ba ta sakatariyar harkokin waje. Bambancin shi ne a can mai goyon baya ya jefa tasa ƙuri'ar an ƙirga, ya faɗi yana gani.

Su waye masu faɗan?

Kuskure ne a zuba su a kwando ɗaya. Akwai 'yan a-mutu, waɗanda suka yi imani da gwaninsu tsakani da Allah, ba a ba su ko sisi. Wani makarantar da gwanin ya gina ce ta yi masa rana, wani ƙaninsa aka tura karatu waje, wani kawai ya gaji da fuskokin da ya saba gani. Wannan rukuni ya fi kowa jin ciwo idan aka faɗi, kuma shi ya fi wuyar rarrashi, domin babu abin da za a miƙa masa.

Akwai masu jiran rabo. Shugaban ƙasa a Najeriya yana naɗa ministoci, aƙalla ɗaya daga kowace jiha kamar yadda tsarin mulki ya tanada, da jakadu, da shugabannin ɗaruruwan hukumomi, kowannensu kuma yana da mashawarta da mataimaka. A al'adar siyasarmu, tambayar da ake yi lokacin rabo ita ce a ina kake kafin fid da gwani. Wanda ya zo bayan an ci ana kiransa ɗan ta-more, ko a ce da shi ba a yi da kai ba. Don haka ga mai neman muƙami, abokin hamayya na haƙiƙa shi ne ɗan jam'iyyarsu da ke bin wani gwani, domin da shi za su yi takarar kujera ɗaya. Ɗan wata jam'iyya ba ya cikin layin. Abin da ya raba Ibrahim Shekarau da NNPP a Agustan 2022, wata uku kacal da shigarsa, bai wuce wannan ba: ya ce ba a ba mutanensa guraben takarar da aka yi alkawari ba.

Sai sojojin baka na rediyo da 'yan data na waya, waɗanda sana'arsu ce. Ana biyansu gwargwadon yadda maganarsu ta tayar da ƙura, kuma manhajojin sada zumunta su ma sun fi yaɗa abin da ya jawo cacar baki. Mutum ɗaya na iya riƙe shafuka da dama da sunaye daban-daban, sai a ga kamar gari guda ne ya fusata. Ba abin mamaki ba ne a iske wanda ke zagin gwanin wani da sunan ɗan uwa a jam'iyya, alhali daga wata jam'iyyar aka turo shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ke ƙara wa wutar fetur shi ne, 'yan takarar jam'iyya ɗaya ba su cika bambanta a manufa ba. A 2023 manyan 'yan takara uku duk sun ce za su cire tallafin mai. Idan babu saɓani kan abin da za a yi, sai gardama ta koma kan wane ne mutumin: shekarunsa, lafiyarsa, dukiyarsa, yankinsa, addininsa. Zagin da aka yi wa manufa ana iya janye shi. Wanda aka yi wa ƙabila ko addini, magana zarar bunu ce.

Wace hanya ce ta fi rage rigima?

Masu goyon bayan 'yar tinƙe suna cewa idan kowa ya jefa ƙuri'a, babu mai cewa an sayar da shi. Suna nuni da rahotannin rabon daloli a tarukan 2022, da zuwan jami'an EFCC filayen biyu, da 'yan takarar majalisa da suka fito fili bayan sun faɗi suna neman daliget su dawo musu da kuɗinsu. Wannan tunani ne ya sa majalisa ta tilasta 'yar tinƙe a ƙudurin farko, wanda Buhari ya mayar mata a Disamban 2021 bisa dalilan kuɗi da tsaro da 'yancin jam'iyyu. Ba ɓoyayye ba ne cewa 'yan majalisa na neman kuɓuta daga hannun gwamnoni ne, gwamnoni kuma na kare ikonsu.

Masu adawa da ita suna tambayar wa ke riƙe da rajistar 'yan jam'iyya. A 2018 APC ta yi 'yar tinƙe, Buhari shi kaɗai ne ɗan takara, aka ce ya samu ƙuri'a miliyan 14.8. A Kano kaɗai aka bayyana kusan miliyan 2.9. Da aka zo babban zaɓe, ƙuri'unsa a Kano kimanin miliyan 1.46 ne. Idan har alƙaluma na iya kumbura haka a inda babu abokin karawa, in ji su, me zai faru idan akwai? Hujja ce mai nauyi. 'Yar tinƙe ba tare da rajistar da kowane ɓangare ya amince da ita ba tana mayar da rigima daga otal zuwa mazaɓu dubu takwas da ɗari takwas da tara, inda 'yan bangar siyasa suka fi samun aikin yi.

Masu son masalaha suna cewa tana rage kashe kuɗi da ɓacin rai. Tarihi bai goyi bayansu sosai ba. A 2010 dattawan arewa ƙarƙashin Adamu Ciroma sun fitar da Atiku daga cikin mutum huɗu, da Ibrahim Babangida da Aliyu Gusau da Saraki, amma a fid da gwanin PDP na Janairun 2011 Jonathan ya kayar da shi 2,736 da 805, da taimakon daliget na jihohin arewa da dama. Manyan sun amince a takarda, mutanensu ba su bi ba.

Akwai kuma masu ganin cewa faɗan ba sharri ba ne baki ɗaya. Yana fito da laifin ɗan takara tun da wuri, yana jawo matasa cikin siyasa, kuma jam'iyyar da babu gardama a cikinta galibi ta mutum ɗaya ce. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai alƙaluman 2023 sun nuna kuɗin da ake biya idan ba a san inda za a tsaya ba. Tinubu ya ci da ƙuri'a 8,794,726. Atiku ya samu 6,984,520, Obi 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687, kuma ukun nan duk 'yan PDP ne a farkon 2022. Jimillarsu ta haura miliyan 14 da rabi. Ba daidai ba ne a ce da sun tsaya tare duk ƙuri'un nan wuri ɗaya za su tafi, domin da yawa daga masu zaɓen Obi da Kwankwaso mutumin suka bi, da ba ya nan da sun zauna a gida. Amma ko kaso kaɗan daga ciki ya isa ya sauya lissafi.

Idan aka tafi kotu

Wanda ya shiga takarar fid da gwani yana da damar zuwa Babbar Kotun Tarayya, kuma tsarin mulki ya ba shi kwana 14 daga faruwar abin da yake ƙorafi a kai. Mai goyon baya ba shi da wannan dama, duk yadda ransa ya ɓaci. A matakin jihohi an ga inda hanyar ke kaiwa. Rikicin ɓangaren Abdul'aziz Yari da na Kabiru Marafa a Zamfara ya sa Kotun Ƙoli, ranar 24 ga Mayun 2019, ta ce APC ba ta yi sahihin fid da gwani ba, ta soke duk ƙuri'unta, kujerar gwamna ta koma hannun Bello Matawalle na PDP tare da kujerun majalisa. A Ribas a shekarar, faɗan ɓangaren Amaechi da na Magnus Abe ya hana APC shiga takardar ƙuri'ar gwamna. Wannan shi ne a fasa kowa ya rasa, kuma dubban mutanen da suka yi layi a rana ne aka zubar da ƙuri'unsu.

Takarar shugaban ƙasa ma takan bar baya da ƙura a ƙasa. Bayan Ahmad Lawan ya faɗi a Dandalin Eagle, ya koma neman kujerarsa ta sanatan Yobe ta Arewa, wadda Bashir Machina ya ce shi ya ci fid da gwaninta. An je har Kotun Ƙoli, ta ba Lawan a Fabrairun 2023.

Abin da ke isa ga talaka

Ga mazaunin Abuja, makon taro makon rufe hanyoyi ne a kewayen sakatariyar tarayya, da cikar otal-otal, da cunkoso daga Mararaba zuwa cikin gari. Masu otal da 'yan canjin Zone 4 da masu buga fosta da direbobi suna samun kasuwa ta 'yan kwanaki. Wannan mai wucewa ne.

Mai daɗewa shi ne abin da ke faruwa da aikin gwamnati. Sashe na 84(12) na Dokar Zaɓe ta 2022 ya tilasta wa masu riƙe da muƙaman naɗi sauka kafin su shiga takara, shi ya sa ministoci irin su Amaechi da Akpabio suka ajiye aiki a Mayun 2022. A watannin ne jami'o'in tarayya ke rufe saboda yajin aikin ASUU da ya fara 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai Oktoba, kuma fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka sace ranar 28 ga Maris suna daji. Hankalin manya da na kafafen watsa labarai yana kan lissafin daliget. A jihohi, idan gwamna da sanata suka bi gwanaye daban-daban, ƙananan ma'aikata da kansiloli da masu ƙananan kwangiloli ne ke fara gani a ƙwaryarsu.

Akwai kuma hatsarin da ke kan mai rubutu a waya. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, an sha amfani da shi wajen kama mutane kan abin da suka wallafa. Maigidan da ake karewa yana da lauyoyi, yaron da ya yi rubutun sau da yawa iyayensa ne ke yawon neman beli. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Manyan kuma suna da hanyar shiryawa da mabiya ba su da ita. Wike ya zama ministan Babban Birnin Tarayya a Agustan 2023 a gwamnatin APC. Akpabio ya zama shugaban majalisar dattawa, Badaru ya samu ministan tsaro. Uku daga cikin gwamnonin G5, Ortom da Ikpeazu da Ugwuanyi, sun nemi sanata sun faɗi, wanda ke nuna cewa idan aka koya wa jama'a yin shinkafa da wake a maimakon sak, ba kullum suke tsayawa inda aka ce su tsaya ba. Abokan kasuwancin da suka ɓata a Dei-Dei ko Zuba saboda gwanayen nan babu kwamitin sulhun da zai zaunar da su.

Ga mai son sanin ko wata jam'iyya ko haɗaka za ta fita daga fid da gwani da ƙafafunta, yawan zagin da ake yi a waya ba shi ne ma'auni ba, domin an yi shi a APC a 2022 kuma ta ci zaɓe. Abin dubawa shi ne ko an amince da hanyar zaɓen da rajistar masu zaɓen tun kafin a san wanda za su amfana, da ko wanda ya faɗi yana da wata jam'iyyar da zai koma cikin wa'adin INEC, sannan da abin da wanda ya ci zai yi da kujerar mataimaki, da shugabancin jam'iyya, da jerin sunayen kwamitin yaƙin neman zaɓe. A PDP, tsakanin daren da Atiku ya ci da ranar da ya bayyana Okowa, 16 ga Yuni, kwana goma sha tara ne.